Hazo da wutar daji: ana ganinsu daga sama, a faɗa mana da wuri

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Sukukutane da sauran ƙasar Arewa, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, iskar gabas ta soma kaɗawa. Daga yanzu har faɗuwar ruwan farko, abu biyu za su riƙa shigo mana ba sallama: hazo da wutar daji. Ɗaya yana taɓa ƙirjin yaro, ɗaya yana cinye abincin bisashe. Mun saba ɗaukarsu baƙin da ba su aiko da saƙo. Amma yau akwai na'urori a sararin samaniya da ke ganin hazo tun ranar da ya tashi, kwana biyu ko uku kafin ya rufe mana gari, suna kuma ganin wuta tana ci a dajin da babu kowa. Ra'ayinmu shi ne, wannan labari ya kamata ya iso mu da Hausa, ya iso da wuri, mu kuma mu san abin da za mu yi da shi tun bai iso ba.

Bari mu fara da hazo. In an tambaye mu daga ina yake zuwa, sai mu nuna gabas da haɓa mu ce daga can. Gaskiya ne, amma can ɗin yana da suna. A arewacin ƙasar Cadi, kusa da garin Faya, akwai wani babban kwari da ake kira Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce, ruwan tabkin Cadi ya kai har wurin. Da ruwan ya janye, sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alli, wadda asalinta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka kwanta. Iskar hunturu in ta taso daga arewa maso gabas, sai ta matse tsakanin manyan duwatsu biyu, Tibesti da Enedi, kamar yadda ruwa ke ƙara gudu in ƙorama ta tsuke. Tana fitowa sai ta faɗa kwarin da ƙarfi, ta kwashi farin garin nan ta yi sama da shi. Masana sun ce babu wuri guda a duniya da ya kai Bodele tayar da ƙura, kuma kimanin kwana 100 a shekara tana tashi. Tsakaninsa da mu kimanin kilomita 1,500 ne. Tenere da gindin duwatsun Abzin ma suna ba da nasu kason. Amma farin hazon nan da ke kwanta wa ganyen bedi da gashin ido, ya mai da rana kamar faifai, da yawansa ƙasar tsohon tabki ce.

Mi ke ganinsa? Ƙasashen Turai suna da taurarin ɗan adam da ake kira Meteosat. Suna can sama, nisan kilomita 36,000, saitin tekun da ke kudu da Gana. Suna juyawa daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum wuri ɗaya suke kallo, kamar mai gadin da aka ɗora bisa dutse ya tsare gari. Irin waɗanda aka fara harbawa a 2002 suna ɗaukar hoton Afirka baki ɗaya kowane minti 15. Sabon da aka harba a Disamban 2022 yana ɗauka kowane minti 10. Ba haske kaɗai suke gani ba, suna auna zafin da ƙasa da gajimare da ƙura ke saki. Tun da kowane da irin nasa, na'ura tana rarrabe su, ta shafa wa ƙura launin ruwan hoda a hoton. Shi ya sa ko da dare ana ganinta. In aka jera hotunan, sai a ga ƙurar ta fito daga Bodele kamar hayaƙin murhu, wata rana ta yi kudu zuwa Najeriya, wata rana ta miƙe yamma ta kan Damagaram da Maraɗi ta nufo mu.

Masu karanta waɗannan hotuna kuwa ba su yi mana nisa ba. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban fari. Akwai ACMAD, mai kula da yanayin Afirka baki ɗaya, wadda ke aiki a Yamai tun 1992, kuma tana fitar da takardar gargaɗi kan yanayin da ke taimakon sanƙarau. Akwai hukumar yanayi ta ƙasa. A birnin Basalona na ƙasar Sifen akwai wata cibiya ta hukumar yanayi ta duniya da ke hasashen tafiyar ƙura na kwanaki masu zuwa. A 2018 ta soma yi wa Burkina Faso taswira jaha jaha da launi huɗu: kore lafiya lau, rawaya a kula, ruwan lemo ƙura ta yi yawa, ja ta wuce misali. Daga baya aka faɗaɗa aikin zuwa wasu ƙasashen Sahel, har da Nijar.

Ashe ba ilimin ne ya ɓace ba. Hoto ya sauko kilomita 36,000 cikin ƙiftawar ido, ya rage masa ƙasa da 300 daga Yamai zuwa Dogondutsi, da ɗan abin da ya saura zuwa ƙauyukanmu. Nan ne tafiyar ke yin nauyi, domin taswirar tana intanet, da harshen Turawa, mu kuwa rediyo da bakin maƙwabci ne jaridarmu ta safe. Ba mu ɗora wa kowa laifi ba. Mun dai lura cewa hasashen damana, wanda masana ke taruwa su fitar kowace bazara, yana isowa kunnenmu da Hausa. Hanyar da wancan ya bi, labarin ƙura ma zai iya binta.

Wani dattijo zai ce, to in mun ji, mi za mu yi? Za mu tare iska da tafin hannu ne? Kakanninmu sun sha hazo sun tsufa. Wannan magana ba mu raina ta ba. Babu mai tare iska. Amma kakanninmu sun binne yara da yawa a watannin hazo, ba su san dalili ba, mu kuwa yanzu an san mana shi.

Ƙwayar ƙurar da ke wuce hanci ta shiga ƙirji ta fi gashin kai sirantaka sau bakwai, wata ma sau talatin. Ita ce ke tayar da fuka, ta tsananta tarin tsoho, ta kai jariri ga ciwon huhu. Sai kuma sanƙarau. A nan a fahimce mu da kyau: ba ƙura ce ke ɗauko cutar daga hamada ba. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya, tana wucewa daga wannan zuwa wancan ta tari da atishawa da kwana cikin cunkoso, ba ta yi musu kome ba. Amma in busasshiyar iska mai ƙura ta daɗe tana gogar hanci da maƙogwaro, fatar ciki takan bushe ta tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar ta shiga jini, ta kai ga mayafin ƙwaƙwalwa. Binciken da aka yi a nan Nijar ya nuna cewa masu kamuwa sukan ƙaru sati ɗaya ko biyu bayan ƙura mai yawa, kuma annobar takan lafa da zarar iskar damana mai laima ta shigo.

Mun san wannan cuta. Ta yi mana ɓarna a 1995. A 1996 da 1997 ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. A 2010 aka kawo sabuwar allurar rigakafin nau'in A, kuma maƙwabtanmu na Filinge suna cikin waɗanda aka fara yi wa. Nau'in A ya kwanta, muka sauke ajiyar zuciya. Sai a 2015 nau'in C ya taso. Zuwa ƙarshen Yuni na wannan shekara an ƙirga kimanin mutum 8,500 da suka kamu a Nijar, 573 suka rasu, kuma gundumar Dogondutsi tana cikin wuraren da ta taɓa. A 2024 aka fara amfani da allura mai kare nau'i biyar, a Najeriya da farko, sannan a Nijar. Allura ita ce babbar garkuwa, babu gardama, kuma duk ranar da masu ita suka zo kada a ɓoye yaro. Amma allura ba ta hana fuka, ba ta hana ciwon huhu, kuma ba kowa ta samu ba.

To ga abin da kwana biyu na gargaɗi ke saya mana. Uwa ta san gobe ba ranar goya jariri zuwa kasuwa ba ce. Mai fuka ya duba maganinsa tun yau, kada ya tashi cikin dare ya tarar kwalba babu kome. A ɗebi ruwa a rufe randuna. Mata su ɗage sussuka da shiƙa, kada ƙaiƙayi ya haɗu da hazo a ƙirji ɗaya. Malamin makaranta ya hana wasan fili. Mai fita ya ja rawani ko mayafi ya rufe hanci. Ma'aikacin gidan likita ya ƙirga abin da ke hannunsa, ya buɗe ido sati biyu masu zuwa. Iyaye kuma su riƙe alamomi: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, amai, wuya ya sandare, jariri maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono. Wanda ya ga haka kada ya jira wayewar gari, domin sanƙarau yana kashewa cikin kwana guda. Wani abu kuma da muke roƙon iyaye mata: babba ya shafa mai a bakin hancinsa in ya so, amma kada a ɗura wa jariri mai a hanci, yana iya gangarawa huhu ya zama wata cutar.

Yanzu wuta. Masu ganinta da kyau wasu taurarin ne, na Amurka, waɗanda ke tafiya ƙasa-ƙasa, kilomita 700 zuwa 800 da wani abu, suna kewaya duniya, kowane yana bi ta kanmu sau ɗaya da rana sau ɗaya da dare. Wanda aka harba a 2011 yana duba ƙasa gutsure gutsure, kowane gutsure mita 375 a tsawo da faɗi. Inda zafi ya wuce na kewayensa da nisa, sai ya sa jan ɗigo a taswira, kuma cikin kamar awa uku hukumar NASA ta baza ɗigon ga duk mai son gani, kyauta. Meteosat ma yana ganin wuta, har ya fi su yawan dubawa, amma don nisansa sai babba. Hayaƙi kuwa da rana ake ganinsa, toka-toka mai shuɗi, yana nuna inda iska ke kora wutar. Bayan ta mutu, baƙin tabon da ta bari yana fitowa sarai, har a auna eka nawa ta ci.

A Janairu da Fabrairun 2006 masana sun tashi da jirgin sama daga Yamai suna auna abin da ke cikin iska. Suka tarar da ƙurar hamada a ƙasa, a bisanta kuma shimfiɗar hayaƙi da ya taso daga ƙone-ƙonen dajin ƙasashen kudu. Wannan hayaƙi na nesa galibi sama yake bi, bai kai hazo cutar da mu ba. Hayaƙin da ya fi shiga ƙirjin yaranmu kuwa babu tauraron da ke ganinsa. Shi ne na karan hatsi da kashin shanu da muke hurawa cikin ɗaki a rufe don jin ɗumi, daidai watannin da maƙogwaro ya riga ya sha wahala. Mun faɗi wannan a gefe ne, amma a bar kafar da hayaƙi zai fita.

Wutar da ta fi damunmu ita ce ta makiyaya. A Nijar ta fi ci a yankin kiwo, wajen Abala, Cintabaraden, Abalak da Bermo, kuma shekarar da damana ta yi kyau ita ce shekarar da ta fi ɓarna, domin ciyawa ta haɗe babu giɓi. Guntun taba, garwashin shayi da ba a binne ba, yara masu farautar ɓera, mai cin zuma: abu kaɗan ne ke tayar da ita. Manomi yana iya cewa wannan asarar mai shanu ce. Ba haka ba ne, kuma nan ne muke son a tsaya a yi tunani. In makiyaya ta ƙone a Nuwamba, garke yana gangarowa kudu da wuri, cikin Dallol Mawri da gonakinmu. Ciyawa ta yi tsada. Karan hatsi da harawa su zama kuɗi, kowa ya kwashe na gonarsa tas, ya ɗora bisa itace ko ya kai kasuwa. Abin da ya rage bisashe su lashe. Gona ta kwana tsirara wata biyar. Sai bazara ta zo.

Ƙurar bazara dabam take da hazon hunturu. Ita ce jan bangon nan da ke tasowa daga gabas gaban hadari, irin wanda ya rufe Yamai ranar 4 ga Mayu 2020 har rana ta koma dare, hotonsa ya zaga duniya. Iska mai sanyi ce ke faɗowa daga cikin hadari ta bugi ƙasa ta kwashi abin da ta samu. Wannan ba ƙasar Cadi ba ce. Ƙasar gonarmu ce, kuma mai laushin, mai takin, ita ke fara tashi. Yashin da ya rage yana gudu ƙasa-ƙasa yana yanke shukar da ta tsiro, ko ya binne ta, a sake shuka sau biyu sau uku, iri ya ƙare. Wutar Nuwamba ce ta dawo mana ƙurar Mayu. A nan tauraro ba shi da taimako mai yawa, domin ƙurar tana ɓoye ƙarƙashin gajimare, kuma gargaɗin hadari na ƴan awoyi ne. Maganinta a ƙasa yake. Gwajin da aka yi a Sadore, kudu da Yamai, ya nuna cewa kara da aka bari kwance a gona yana rage gudun yashi ƙwarai. A kwarin Majiya tun 1975 ake dasa layukan bedi don karya iska. A Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon gawo da sabara da kalgo lokacin sassabe, har itatuwa suka dawo bisa kimanin hekta miliyan 5. Hotunan sama ne, na da da na yanzu, suka tabbatar wa duniya wannan aiki.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba za mu tsallake ba. Jan ɗigo yana nuna inda wuta take. Ba ya nuna wanda ya sa ta. Ba ya ma nuna daidai inda ta fara, domin tauraro yana iya wucewa bayan ta yi tafiyar awa biyar. Ƙaramar wuta da ta tashi ta mutu tsakanin wucewa biyu ba ya ganinta sam. Yau waya ta yawaita, kuma ranar tana zuwa da wani zai ɗaga hoto a bakin kasuwa ya ce ga shi, kusa da rugar wane ta tashi. Wanda ya yi haka ya ɗora wa na'ura shaidar da ba ta bayar ba. Mun san abin da zargi tsakanin manomi da makiyayi ke haifarwa a ƙasar nan. Binciken wanda ya sa wuta aikin ma'aikatan gandun daji ne da sarakuna, da shaidun da suka gani da ido. Aikin hoto shi ne ya tara mu wurin kashewa.

Abin da muke nema ba shi da tsada. Daga Nuwamba zuwa Mayu, labarin ƙura ya shiga labarun rediyo na Hausa kowace yamma, a Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara, da sunan jaha da sunan launi: gobe Doso rawaya, jibi ja. Ba sabon abu ba ne. Rediyon karkara na Bankilare da aka buɗe a 1999, kai labarin yanayi ga ƙauye yana cikin dalilan kafa shi. Labarin wuta kuwa ba ya jiran yamma. A ofishin magajin gari a samu mutum ɗaya da aka koya wa duba taswirar, da lambobin masu gari da shugabannin makiyaya a wayarsa, daga Sukukutane har Dogonkiriya da Matankari. Kowane gari kuma ya san tun yau wa zai buga ganga, amalanken wa zai ɗauki ruwa, su wa za su fita da ɗanyen reshe da shebur, su wa za su kora bisashe. Sanarwar da ta tarar da gari bai shirya ba, tsoro kawai za ta ƙara masa.

Sai hanyar tare wuta, wato filin da ake sharewa tas, faɗin mita 15 ko 20, a gicciye da iskar gabas, don wuta in ta iso ta rasa abin ci. Lokacinta na gaskiya shi ne ƙarshen damana, kafin ciyawa ta gama bushewa, kuma ciyawar da aka kwashe a wurin ba asara ba ce, a ɗaure ta a ajiye wa rani. Garin da bai share tasa ba bana, har yanzu ciyawa tana tsaye, iska kuma ba ta kai ƙarfinta na Janairu ba. A nemi ma'aikacin gandun daji ya nuna inda za a ja layin.